Jitar da Aka Ce Wuyanta Ya Karkace

Akwai wani mai aski, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya shekara goma sha shida a tsaye a bayan kujerar aski. Ku karanta labarinsa a natse, kada ku tsallake layi. Ba don nishaɗi na rubuta shi ba.

Shagonsa ƙarami ne. Madubi ɗaya, kujera ɗaya, bencin masu jira, sai wata tsohuwar jita da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Jita ce ta katako, irin wadda ba a haɗa ta da wuta. Cikinta ya tsage tuntuni, an liƙe tsagar da salatif. Idan babu kan da zai aske, sai ya sauko da ita ya yi ta kaɗawa, har masu wucewa su rage tafiya.

Ana nan sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya duba jijiyoyin, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: "Tsayuwar nan ce take cin ka. Ka nemi aikin da za ka yi a zaune tun da sauran lokaci."

A cikin makon ne labari ya zo cewa wata mawaƙiya mai ƙungiya tana neman mai jita guda ɗaya. Aiki ne na dindindin, kuma mai jitarta a zaune yake kiɗa. Za a gwada masu so ranar Asabar da safe. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: kowa ya zo da jitarsa, kuma ta kirki.

Matarsa ce ta yanke maganar. Ta ce, "Abin da muka tara don gyaran shago, ka je ka sayi jita da shi. Shagon da ba za ka iya tsayawa a ciki ba, gyaransa na mene ne?"

To, sau ɗaya zai iya sayen jita irin wannan. Idan ya yi kuskure, babu na sayen ta biyu. Shi ya sa ya nufi wurin ɗan kawunsa.

Wannan ɗan kawu ya girme shi da shekara bakwai, kuma shi ya fara ɗora masa yatsu a kan tsirkiya tun suna gida ɗaya. Saboda ƙwarewarsa a jita kowa Ƙwaro yake ce masa. Ƙungiyar da yake wa kiɗa ta watse wata biyar da suka wuce, yana zaune a gida, amma bakinsa bai mutu ba. Shi kuma mai aski, tun da ya kama sana'a Ƙwaro bai sake kiran sa da komai ba sai Almakashi.

Da ya ji abin da ke tafe da shi, Ƙwaro ya kwashe da dariya. "Kai Almakashi! Daga aske ƙeya sai dandali?"

"Sai ka taimaka mini, Yaya. Amma tsaya, kai ba za ka nema ba? Ka fi kowa cancanta."

"Ni? Ni za a sa a layi a gwada? Na wuce nan tuntuni. Ka shirya ranar Alhamis, ni zan zaɓa maka da kaina."

Ranar Alhamis da hantsi suka hau mota. A hanya Ƙwaro ya yi ta karatu.

"Ba a sayen jita da ido, ka ji ko? Fenti ba ya kiɗa. Ka leƙa bakin ramin ka duba kaurin fuskarta. Idan katako guda ne, za ka ga zanen itacen ya ratsa har ciki. Idan liƙe-liƙe ne, za ka gan shi hawa-hawa kamar an jera takardu. Sannan ka kaɗa tsirkiya ɗaya ka yi shiru, ka ji ko sautin zai daɗe kafin ya mutu. Kuma kada ka yarda da abin da kake ji tana jikinka. Ka ba wani ya kaɗa, kai ka ja da baya, domin gaba take magana."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ku lura da wannan, domin maci amana ba kullum yake ƙarya ba.

Shagon farko babba ne, gabansa duk gilashi. Ana sayar da talabijin da firiji, jitocin kuma an rataye su can sama cikin leda. Mai aski ya miƙa hannu, sai mai tsaron shagon ya daka masa tsawa.

"Malam, ba a taɓawa sai an biya."

Ƙwaro ya ce, "To firijin ma sai an biya za a buɗe ƙofarsa? Zo mu tafi, Almakashi. Shagon da ba a bari ka gwada, akwai abin da ake ɓoyewa."

Shago na biyu yana saman wani shagon ɗinki, sai an hau wata ƙuntatacciyar matakala. Na wani tsoho ne mai gyaran jita. Ɗakin yana warin gam da garin katako, an buga tsofaffin barguna a bango don kada ƙarar titi ta shigo. A tsakiya akwai kujera marar hannu, wadda aka ajiye don mai gwaji.

Tsohon ya dube su ta saman tabarau ya ce, "Nan ba a gaggawa. Zauna, ɗana, ka gwada duk wadda ta yi maka."

Mai aski ya gwada huɗu. Ta biyar ba ta da ado ko kaɗan, launinta kamar na tsohon teburi, ko sheƙi ba ta yi. Amma da ya rungume ta ya kaɗa tsirkiya ɗaya, sai ya ji sautin ya ratsa ƙirjinsa, ya cika ɗakin, ya ƙi mutuwa. Ya fara kiɗa. Yatsunsa suka bi wuyanta tun daga kai har kusa da ciki, ko'ina laushi, ko'ina daidai. Ya manta da akwai mutane a wurin.

Tsohon ya ajiye abin gugar da ke hannunsa. Sai da kiɗan ya ƙare ya ce, "Wa ya koya maka?"

"Ga shi nan, Baba. Yayana ne."

Tsohon ya juya wurin Ƙwaro. "Malam, ka yi aiki. Amma ka yi haƙuri da maganar tsoho, ɗalibin nan ya wuce ka. Na san hannunka, na sha jin ka."

Ƙwaro ya yi dariya, amma iyakarta baki. Ya karɓi jitar, ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyanta kamar mai auna bindiga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da ita wurinta ya ce, "Za mu zagaya mu dawo, Baba."

Sai da suka kai tsakiyar matakala ya rage murya.

"Allah ya rufa maka asiri da ka zo da ni. Wuyanta ya karkace. Yau ba za ka ji ba, amma nan da wata biyu sai dai a hura wuta da ita."

"Amma Yaya, ni ban ji wani aibi ba. Wallahi ban taɓa riƙe irinta ba."

"Da wane kunnen za ka ji? Wanda injin aski ya cika da ƙara? Tsohon nan ya ga ka mato mata, shi ya sa yake zuga ka."

Mai aski ya waiwaya ya dubi ƙofar shagon, sannan ya sauka. A nan nasa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Hannunsa ya gaya masa gaskiya, kunnensa ya gaya masa gaskiya, amma ya ƙaryata su duka biyun saboda wani ya yi magana.

Shago na uku yana cikin kasuwa, maƙwabcinsa mai sayar da lasifika ne, kiɗa yana tashi kamar zai fasa kwano. Nan Ƙwaro ya sauko da wata jita ja mai sheƙi, an zagaye bakinta da ado kamar zinariya. Ya zauna da kansa ya kaɗa, ya ce wa mai aski ya ja da baya ya saurara. Ƙwararren hannu ne, dole kiɗa ya yi daɗi. Sai dai yatsunsa ba su bar wajen kan jitar ba. Cikin ƙarafan da aka jera a wuyanta, uku ko huɗu na farko kawai ya taka.

Ya miƙa wa mai aski. Shi ma ya fara daga nan, da ya soma zura hannu zuwa wajen ciki, sai Ƙwaro ya dafa masa kafaɗa.

"Ya isa haka. Kada mai shago ya ga kana so ya ɗaga kai. Wannan ce taka."

Aka saya, aka sa a jaka. Suka rabu a bakin kasuwa, Ƙwaro ya ce yana da wani ɗan uzuri a cikin gari.

Da yamma mai aski ya zauna a tsakar ɗaki ya fara gwadawa. Matarsa tana ninke kayan yara. Da hannunsa ya matsa wajen ciki, inda sauti yake siririncewa, sai ta ɗago kai.

"Baban yara, ni ban san kiɗa ba, amma waccan mai salatif ba ta taɓa sa haƙorina tsami ba."

Ya saita tsirkiyoyin, ya sake. Haka dai. Ya ɗauki waya ya kira Ƙwaro.

"Sabuwar tsirkiya ce, Almakashi. Sai ta kwana biyu tana miƙewa kafin ta zauna. Yau ka fara kiɗa? Ka ajiye ta, kada ka gajiyar da yatsunka. Kuma ranar Asabar ka yi sammako ka zama na farko, ka gama ka koma shago. Ka san Asabar kawuna suna jira."

Sabuwar tsirkiya tana miƙewa, wannan ma gaskiya ne. Mai aski ya ajiye jitar, hankalinsa ya kwanta.

Ranar Asabar ya isa tun kafin a buɗe ƙofa. Wurin wani dogon ɗaki ne a bayan zauren taro, da baranda da aka jera kujerun roba. Mutum biyu suka zo bayansa. Ɗaya wani mai ƙiba ne mai fara'a, wanda ya ce shi direba ne, ya gaji da titi. Gwajin bai fara a kan lokaci ba, sai da aka yi fiye da awa ɗaya ana jiran mai ganga. Sannan aka kira mai aski.

Mawaƙiyar babbar mace ce, ba ta da yawan murmushi. Ta ce, "Zauna. Zan yi baiti, ka bi ni."

Ta fara, ya bi ta. Mai ganga ya gyaɗa kai. Ita ma ta ɗan lumshe ido. Sai ta ɗaga murya ta yi masa alama da hannu. "Hau sama."

Ya zura hannu zuwa wajen ciki. Abin da ya fito bai haɗu da muryarta ba ko kusa. Mai ganga ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa. Mai aski ya koma ya sake, gumi ya karyo masa.

"Tsaya," in ji ta. "Miƙo ta nan."

Ta kaɗa tsirkiya ɗaya a sake. Sannan ta danna ta a tsakiyar tsawonta ta sake kaɗawa.

"Ka ji? Ya kamata na biyun ya zama ɗan na farkon, murya ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Wannan ko dangi ba su haɗa ba. Ba yatsanka ba ne, ba kuma tsirkiya ba ce. An dasa ƙarafan nan ba bisa awo ba. Ko shekara ta yi ba za ta gyaru ba. Wa ya zaɓa maka?"

"Yayana ne, ranki ya daɗe."

"Yayan naka kurma ne?"

"A'a. Shi ya koya mini kiɗa."

Ta jingine jitar a bango. Ta juya wurin mai ganga. "Buɗe ƙofa, a aro masa jita minti uku. Ina so in ji hannun nan a kan abin kirki."

Mai ganga ya buɗe ƙofar. A kujerar da ke daf da ƙofa, ga Ƙwaro zaune, ya sha sabon ɗinki. Ya zo ne da lissafin cewa mai aski ya gama ya tafi tuntuni. A kan cinyarsa kuwa ga jitar nan marar ado ta shagon tsoho.

Mai aski ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya dubi jitar, ya dubi ɗan kawunsa. Ƙwaro ya kawar da kai yana gyara maɗaurin tsirkiya wanda ba ya buƙatar gyara.

Mai ganga bai san komai ba. Ya ce, "Malam, ara mana jitarka minti uku."

"Ba na ba da aron jita," in ji Ƙwaro, idonsa a ƙasa.

Mawaƙiyar ta taso ta tsaya a bakin ƙofa. "Me ya sa?"

Kafin ya amsa, mai aski ya yi magana. Muryarsa ba ta tashi ba, amma kowa ya ji.

"Yaya, ba ita ce ka ce wuyanta ya karkace ba?"

Mawaƙiyar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi jar jitar da ke jingine a bango. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

Ta ce wa Ƙwaro, "Na san sunanka, na san ka iya. Amma mu nan mu shida muke shiga mota ɗaya. Idan tsirkiyar wani ta tsinke a gaban jama'a, na kusa da shi ne yake miƙa masa tasa ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya yi wa ƙaninsa haka, ni ba zan juya masa baya a kan dandali ba. Sauka lafiya."

Ƙwaro ya sa jitar a jaka ya fita.

Direban nan mai ƙiba ya riga ya taso da tasa jitar a hannu. "Ungo, ɗan'uwa. Ba ta kai waccan ba, amma ba ta ƙarya."

Mai aski ya karɓa ya zauna. Na so in ce muku ya kaɗa kowa ya yi mamaki, amma ba haka aka yi ba. Ya fara, ya ɓata. Ya sake, ya manta inda aka tsaya. Mutumin da ya sa tsoho ya ajiye aikinsa shekaranjiya, yau ya kasa haɗa baiti ɗaya, domin zuciyarsa ba ta cikin ɗakin.

Mawaƙiyar ta ba shi dama har sau uku. Sannan ta ce, "Na ji farkon kiɗanka, na san akwai abu a hannun nan. Amma gobe muna da aiki, kuma ba zan ɗauki abin da ban ji ba. Ka yi haƙuri."

Aka gwada sauran. Direban ya yi kiɗa mai tsabta, ba ƙawa, ba kuskure. Shi aka ba gurbin. Da zai fita ya riƙe hannun mai aski da hannu biyu.

Mai aski ya rataya jar jitarsa ya nufi inda ake jiran mota. A can ya tarar da Ƙwaro tsaye a gindin allon talla. Ashe bai tafi ba.

"Almakashi..."

"Kada ka sake kira na da wannan sunan."

Ƙwaro ya sauke jakar daga kafaɗa ya miƙa masa. "Karɓi. Taka ce. Ka ba ni waccan."

"Ɗazu nake buƙatarta, Yaya. Yanzu in yi me da ita?"

"Ba ka san halin da nake ciki ba. Wata biyar ina zaune, matata tana fita aiki ni ina gadin gida. Sannan tsoho ya dube ni a gabanka ya ce ka wuce ni. Ni da na koya maka yadda ake riƙe ta! Na san idan ka shiga ɗakin nan da waccan jitar, babu wanda zai saurare ni."

"Na tambaye ka. A cikin ɗakinka na tambaye ka ko za ka nema."

"Ta yaya zan ce maka ina so? In shiga layi ɗaya da kai?"

Mota ta tsaya, mutane suka fara shiga. Mai aski ya dube shi, idonsa ya ciko, amma bai bari hawaye ya zubo ba.

"Da ka ce mini kana so, da na bar maka. Wallahi, Yaya, da ko nema ba zan yi ba. Da ni zan rako ka, in riƙe maka jaka."

Ya shiga mota. Ƙwaro ya tsaya a bakin titi da jita mafi kyau da ya taɓa mallaka, babu aiki, babu ƙani.

Darasi: Girman kai ne yake hana mutum ya ce "ina so", sai ya koma ya saci abin da, da ya roƙa, da an ba shi da hannu biyu. Wanda aka ba amanar zaɓi, ya ji tsoron Allah ya zaɓa kamar kansa yake zaɓa wa. Kai kuma mai saye, ko jita ce ko mene ne, nemi shawara, amma ka gwada da hannunka tun daga farko har ƙarshe, a wurin da babu hayaniya, kuma kada ka ƙaryata abin da kunnenka ya ji don wani ya girme ka. Ku tura wa 'yan'uwanku su karanta, musamman waɗanda ake zuwa wurinsu neman shawara.